Tsingaro Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Ranar da na sauka Njamena
ɗan acaɓa ya dube ni, ya ce, "Miya."
Na ce masa na ƙoshi.
Ya yi dariya har babur ya mutu a ƙarƙashinsa.
Ashe ɗari yake nufi,
ɗarin ma sai an ninka ta biyar kafin ta zama kuɗi.
A garin nan ko ƙidaya sai an sake haihuwata.

Malaminmu kuwa Mushe ake kiransa,
Mushe Ngartola, mai farar riga da alli a gemu.
Wata guda ina cizon leɓe
kafin na iya gaishe shi ban tuna ungulu ba.

Da safe Faransanci, da yamma Larabcin kasuwa,
da dare ni da Hausata a ɗaki kamar masu laifi.
Ranar da na sani mace tun ina goye
a ajin nan namiji ce,
wata kuma ya ɗaura zane.
Na ce, to, sama ma ta yi ƙaura, bare ni.

Baba a waya, murya na yankewa:
"Barira, tarihin me kika ce? Tukwane?
Abin da kakarki ta tsufa tana yi a bayan gida
shi kika tsallake iyaka biyu ki karanto?
Kin san nawa sefa ta kai yau?"
Na sani, Baba. Da ita nake auna burodi.

Ran Laraba aka kwashe mu zuwa Gawi.
Bangaye sun sha zane, ja da fari da baƙi, aikin mata.
A ɗakin tarihi ga randunan mutanen Sawo,
manya, har Mushe ya ce a ciki suke kwantar da matattunsu.
Aka ba kowa tsingaro da ma'auni.
Nawa lamba arba'in da bakwai.
Tsawo kaza, kauri kaza, launi na toka-toka.
Ina juya shi sai na ga gurbi a gefensa,
sawun babban yatsa,
inda wata ta danna, ta ɗaga, ta tafi duba girki.
Na sa nawa. Ya zauna daram.
Babu layin da zan rubuta wannan a takardar.

A waje, gindin bedi, Am-Jibrin na gini.
Ba ta jin nawa, ba na jin nata sai gaisuwa.
Ta gaji da tsayuwata da littafi,
ta fizgo hannuna ta cusa a laka.
Ta ce, "Tin."
Na ce, "Yumɓu."
Mushe daga baya ya ce, "Arjil."
Abin bai amsa wa kowa ba, sanyinsa kawai ya ba ni.

Sai ga hannuna na murza igiya ban umarce shi ba,
yana ɗorawa, yana lailayewa da jiƙaƙƙen tsumma,
yadda Kaka Tasalla ke yi a Kazaure,
ita da nake ce wa 'yan ajinmu 'yar koli ce
don kar su kira ni jikar mai tukwane.
Am-Jibrin ta dubi hannun, ta dube ni,
ta faɗi doguwar magana.
Kalma ɗaya na tsinta: "Minu?" Wato wa?
Na buɗe baki da harsuna uku,
babu wanda ya fito.

Na ci jarrabawa da ƙyar,
jan biro ya yi wa Faransancina shasshawa.
Tukunyar kuwa ta karkace, ta tsage a wuta.
Da na koma bayan damina
na tarar da gindinta a tsakar gida, kaji na shan ruwa.
Na durƙusa na duba.
Yatsana na nan a gefe, ba lamba, ba gilashi.

Daren nan zan kira gida.
Zan ce a kai wa Kaka wayar.